Yadda Za Ka Rubuta wa Matasa Labarin Kasada Daga Tatsuniyoyin Ƙasashen Ƙanƙara

Ranar Laraba da yamma ba a karatu a kolejin da nake koyarwa nan Tawa, shi ya sa muka mai da lokacin na ƙungiyarmu ta rubutu. Mukan zauna gindin dogon-yaro bayan aji, kowa da kayensa da bik. A wata Laraba cikin hunturun bara, wata ɗaliba ƴar katiriyem ta miƙo mini kaye mai shafi 200 cike fal, ta ce, "Mushe, na gama littafina." Na tafi da shi gida, na karanta a dare biyu. Ga Tor da gudumarsa, ga Loki, taurarin tsofaffin tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, ga yaƙi kusan kowane shafi. Yarinyar tana da hannu, kuma ba ta san gajiya ba. Sai dai duk abin da ke ciki daga fina-finan Amurka ta kwaso shi, har sunayen yaran da abincin da suke ci. A shafi ɗaya ta rubuta "dusar ƙanƙara tana zuba" sau biyar, ni kuwa ko tsikar jikina ba ta tashi ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da muka yi tare da ita daga wannan rana zuwa yau shi zan shimfiɗa maka, don na san akwai irinta da yawa daga nan har Yamai, masu son waɗannan labarai, masu kuma son su ji su da Hausa.

Ka fara da zuwa bakin rijiyar da kanka. Kusan duk abin da duniya ta sani na waɗannan tatsuniyoyi daga littattafai biyu ya fito, duka biyun kuma a tsibirin Aislan aka rubuta su. Ɗaya shi ne Edda na Snorri Sturluson, mawaƙi kuma babban mai faɗa-a-ji, wanda ya rubuta shi wajajen 1220, aka kashe shi a gidansa na Reykholt a 1241. Ɗayan tarin tsofaffin waƙoƙi ne da ba a san mawaƙansu ba, cikin wani littafin fata da aka kwafa wajajen 1270, wanda ya daɗe ajiye a ƙasar Danmak kafin a mayar da shi Aislan a 1971. Akwai fassararsu da Faransanci da Ingilishi. Na Snorri za ka fara karantawa, don zube ne, ya fi sauƙin shiga. Kana buɗewa za ka ga yadda fim ya sauya abubuwa. Loki ba ƙanen Tor ba ne, aminin Odin ne, uban Tor kuma shugabansu, da suka haɗa jini suka yi rantsuwar ƴan'uwantaka. Tor a keken da bunsuraye biyu ke ja yake yawo. Ƙotar gudumarsa gajera ce, kuma akwai dalili: lokacin da wadanni maƙera ke ƙera ta, wani ƙuda ya ciji mai zuga a fatar ido har jini ya rufe masa gani, ya saki zuga-zugin na ɗan lokaci. Hular ƙarfe mai ƙaho da kake gani a hotuna kuwa, mayaƙan wancan zamani ba su sa ta ba, masu zanen hoto da masu shirya kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta.

Abu na biyu, kuma a nan nake so ka daɗe: wane ne zai riƙe wa mai karatu fitila? Kada ka ba Tor wannan aikin. Mai ƙarfin da ba a kayarwa ba ya sa zuciyar ɗan shekara 14 ta buga. Yaro kake buƙata, kuma Snorri ya riga ya ajiye maka yara biyu.

Ga yadda labarin yake. Tor da Loki suna tafiya, dare ya yi musu, suka sauka gidan wani talaka manomi mai ƴaƴa biyu, namiji Tiyalfi da mace Roskwa. Tor ya yanka bunsurayensa, aka feɗe, aka dafa, ya gayyaci mutanen gidan. Ya shimfiɗa fatun nesa da wuta, ya ce kowa ya ci nama ya jefa ƙashi a kan fata. Tiyalfi ya riƙe ƙashin cinya, ya sa wuƙa ya fasa shi don ya sha ɓargo. Kafin gari ya waye Tor ya ɗaga guduma a kan fatun, bunsurayen suka miƙe da rai, amma ɗaya yana ɗingishi da ƙafar baya. Tor ya haɗe gira, ya damƙe ƙotar gudumar har gaɓoɓin yatsunsa suka yi fari. Manomin da iyalinsa suka fashe da kuka suna roƙo, suka ce ya ɗauki duk abin da suka mallaka. Da ya ga tsoron da ya kama su sai ya huce, ya karɓi yaran biyu a matsayin diyya, suka zama barorinsa.

Da na gama ba wa ƴan ƙungiya wannan labari, wurin ya yi tsit. Can sai ɗalibar nan ta ce, "Mushe, to ita Roskwa me ta yi? Ai ba ita ta fasa ƙashin ba." Na ce mata littafinki ke nan. Domin Snorri ya ce ta bi su, daga nan kusan bai sake kula ta ba. Yarinyar da aka raba da uwarta saboda kwaɗayin ɗan'uwanta, tana bin mutumin da take tsoro zuwa ƙasar ƙattai, ga bunsuru gurgu an baro a gida. Tana jin haushin ɗan'uwanta, kuma shi kaɗai gare ta a duniya. Duk ɗan Adar da ya taɓa rakiyar wani zuwa tasha zai tafi ci-rani Abijan ya san nauyin irin wannan tafiya. Ka nemi irin waɗannan guraben da tsofaffin marubuta suka bari, ka cika su. Kuma ka lura da abin da ke tura labarin gaba: bashi. Wani ya yi laifi ƙarami, na yunwa, wanda kowa zai iya yi, ana kuma biya. Jarumin da aka ce tun haihuwa an zaɓe shi ya ceci duniya ba ya kama ni kamar yaron da ya sha ɓargo.

Idan kuma so kake jaruminka ya zama ɗan nan, akwai ƙofa ta gaskiya a tarihi. A shekarar 921 Halifa Al-Muƙtadir ya tura tawaga daga Bagadaza zuwa bakin kogin Bolga, cikinsu akwai Ahmad ibn Fadlan. A 922 ya haɗu da fataken da ake kira Rus, waɗanda ake ganin asalinsu daga waɗannan ƙasashen ƙanƙara ne, ya ce dogaye ne kamar itatuwan dabino, ya kuma bayyana yadda suka ƙone gawar shugabansu cikin jirgin ruwa. A 1999 aka tono wata taska a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, mai tsabar kuɗi sama da 14,000, mafi yawansu dirhamin ƙasashen Musulmi. Ka ga fatauci ya haɗa duniyoyin tun tuni. Ɗan falke, ko autan wani malami matafiyi, zai iya bin ayari har ya tsinci kansa can ba tare da ka yi wa hankali dole ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauko Asgad, mazaunin su Odin, ka ɗora a kan duwatsun Keita, ko ka sa Odin ya yi rawani. Ƙasarsu ta zauna inda take, da tekunta da duhunta. Idon da zai kalle ta shi ne namu.

Sai maganar sanyi, inda ɗalibata ta fara faɗuwa. Ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, mai karatunta ma haka, don haka kalmar ita kaɗai ba ta ɗauke da komai. Na ce ta rufe kaye ta gaya mini yadda take ji in aka aike ta ɗibar ruwa da asuba a watan Janairu. Ta ce igiyar guga kamar reza take a tafin hannu, leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya, in ruwa ya fantsamo a ƙafa kamar an watsa allurai. Na ce to daga nan za ki tashi, ki yi ta ƙarawa. A babban birnin Aislan, wajajen ƙarshen watan Disamba, hasken rana bai wuce kimanin awa 4 ba. Ki sa Roskwa ta farka cikin duhu, ta yi aiki cikin duhu, rana ta leƙo kamar mai jin kunya ta koma. Ga abin da ta kawo mako na gaba: "Numfashina ya daskare a gefen mayafina, in na juya wuya sai ya karce ni. Na daina jin yatsun ƙafata tun jiya, ban gaya wa kowa ba." A nan na ji sanyi.

Haka za ka yi da babban sanyin da suka ce zai zo kafin ƙarshen duniyarsu, hunturu uku a jere ba bazara a tsakani, ƴan'uwa su riƙa kashe juna. Tsoron da ke ƙarƙashin wannan mun san shi, don shi ne tsoron shekarar da ba a shuka ba. Je ka zauna wajen kakarka ka ce, "Kaka, ba ni labarin farin 1984." Ka saurari abin da aka fara sayarwa, da abin da aka ɓoye wa yara, da yadda maƙwabci ya daina kallon idon maƙwabci. Ka rubuta ƙanƙara, amma yunwar ta kakarka ce.

Harshen ma ya fi kusa da mu fiye da yadda kake zato. Babbar bishiyar da ke riƙe da duniyoyinsu tara, Igdirasil, akwai gaggafa a ƙolinta da wani mugun maciji yana gaigayar saiwarta, sai wata ƴar dabba mai suna Ratatoska da ke hawa tana sauka tana kai zagi tsakaninsu. Kurege ne ɗan tsegumi, kira shi haka. Tsuntsayen Odin biyu da ke zagaya duniya kullum su komo su raɗa masa labari a kunne, Hugin da Munin, dangin hankaka ne, baƙaƙe ƙirin ba farin ƙirji, ma'anar sunayensu kuma Tunani da Tunawa. Wanda ya fi burge ni shi ne labarin Baldur, ɗan Odin. Uwarsa Firiga ta sa wuta da ruwa da ƙarfe da duwatsu da cututtuka da dabbobi duk sun yi rantsuwa ba za su cutar da ɗanta ba, ta tsallake wani ɗan tsiro da ta ga ya yi ƙanƙanta da rantsuwa. Loki ya yi shigar mace ya bugi cikinta ta faɗa masa, ya cire tsiron ya miƙa wa makaho Hodur, ya saita masa hannu. Tsiron nan kauci ne, irin wanda ke maƙale a reshen wata bishiya, wanda masu maganin gargajiyarmu suka sani sarai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, mun daɗe da faɗa.

Sunaye kuwa, ka faɗi kowane da ƙarfi sau uku. In harshenka ya sarƙe, ka sassauta rubutun yadda bakin Bahaushe zai ɗauka, ka tsaya a kansa har ƙarshen littafi. Kada ka zuba sunaye sama da huɗu ko biyar a babin farko.

Mawaƙansu suna da wata al'ada ta sakaya suna: jirgin ruwa ya zama dokin teku, zinariya ta zama hawayen Fireya ko gashin Sif, wasu mata na cikin tatsuniyoyin, kowane kuma da labarinsa a baya. Snorri ma don ya koya wa matasan mawaƙa wannan ne ya rubuta littafinsa. Mu da muke ce wa zaki manyan dawa, muke ce wa hankaka mai da ɗan wani naka, ba mu da baƙunta a nan. Ka yi wa takobi kirari, ka yi wa jirgi, ka yi wa kerkeci. In Tor zai shiga fili, a sami mai yi masa kirari kamar yadda ake yi wa ɗan kokawa.

Loki za ka yi hattara da shi. Yana kama da Gizo: wayo, kwaɗayi, jefa mutane cikin rami sannan ya fito da su. Amma Gizo a ƙarshen tatsuniya dariya ake yi, shi kuwa Loki wasansa ƙara ɗaci yake daga labari zuwa labari har ya kai ga jinin Baldur. Ka bar mai karatu ya so shi a farko, ya yi dariya da shi, yadda ranar da ya juya abin zai yi ciwo.

Don tsarin tafiyar, babu abin koyi kamar abin da ya faru a fadar sarkin ƙattai Utgada-Loki (ba Lokin nan namu ba), inda tafiyar su Roskwa ta kai su. Loki ya yi gasar ci da wani, aka kayar da shi, don abokin karawarsa har ƙashi da akushin ya lashe. Tiyalfi ya yi tsere sau uku da wani yaro, bai ci ko ɗaya ba. Tor ya kafa kai a ƙahon sha sau uku bai shanye ba, ya yi ƙoƙarin ɗaga kyanwar sarki, ƙafa ɗaya kawai ta bar ƙasa. Sai aka kira wata tsohuwa su yi kokawa, ta kai gwiwarsa ɗaya ƙasa. Mu mutanen Tawa, inda aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, mun san irin ihun da fili ke yi in gwiwar gwani ta doshi rairayi. Da safe, bayan sun fito daga ganuwa, sarkin ya faɗa musu gaskiya: wuta ce ta ci da Loki, tunani ne ya yi tsere da Tiyalfi, bakin ƙahon a cikin teku yake, kyanwar macijin da ya naɗe duniya ne, tsohuwar kuma tsufa ce, wadda ba ta taɓa barin kowa tsaye ba. Kacici-kacici ne aka yi da jiki. Ka gina jarrabawoyin jaruminka haka: ya sha kaye a idon jama'a, daga baya a gane girman abin da ya kara da shi. Ka yafa alamu tun da wuri yadda yaro mai kaifin kai zai cafko amsar kafin a faɗa, ya ji daɗin kansa.

Kuma kowace nasara a biya ta. Odin ya ba da ido ɗaya kafin ya sha ruwan rijiyar Mimir. Da za a ɗaure kerkeci Fenrir da igiyar da aka saƙa da motsin tafiyar kyanwa da gemun mace da saiwar dutse da numfashin kifi da yawun tsuntsu da jijiyar wata dabbar dajinsu, kerkecin ya ce sai wani ya sa hannu a bakinsa jingina. Tir, ɗaya daga cikin mutanen Odin, ya sa, yana sane da cewa ba za a kwance igiyar ba, ya rasa hannun. In jarumarka ta dawo gida ba tabo, ba ta je ko'ina ba.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don ta same ni. Wata rana mahaifin ɗalibar nan, dattijo mai kamala, ya tare ni a ƙofar lakwal da kayenta a hannu. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, me kake koya wa ƴata? Na ga sunayen abin bautar wasu a ciki." Na ce, "Baba Alhaji, tambayarka a kan hanya take, mu zauna." Na gaya masa cewa mutanen Aislan sun karɓi Kiristanci wajajen shekarar 1000, Snorri ya zo bayan haka da shekara 200 da ɗoriya, shi kansa bai bauta musu ba, a gabatarwar littafinsa ma cewa ya yi mutane ne da suka taso daga yankin Asiya, jahilai suka ɗaukaka su. Na nuna masa cewa a labaran suna tsufa in ba su ci tuffar Iduna ba, ana yaudararsu, suna mutuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kada ta kira su da sunan da ba nasu ba." Shawararsa muke bi har yau, kuma ita nake ba ka. Muna kiransu Asawa, daga sunan da suke kiran kansu, abokan gabarsu kuma ƙattai. Muna buɗe littafi da "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san abin da ke tafe tatsuniya ce. Haruffansu na da, waɗanda biyu daga cikinsu ne aka harhaɗa aka yi tambarin Bluetooth da ke wayarka, muna amfani da su a matsayin rubutu a kan dutse ko itace, kamar yadda muke ganin Tifinag wajen maƙwabtanmu Buzaye. Ba ma koya wa kowa duba da su. Jini da yanka ma ka rage, ƴan siziyem za su karanta.

Wajen aikin kansa, a kaye za ka fara, don kuran ba ya da alkawari, waya kuma tana raba hankali. Babi kada ya wuce abin da za a karanta cikin minti goma. Kafin ka buga shi ka tura WhatsApp ko Facebook, ka tara ƙannenka bayan sallar isha ka karanta musu da baki. Inda suka fara mutsu-mutsu, yanke. Inda wani ya ce "sai me ya faru, Yaya?", nan ne ƙarshen babi, ka rufe kaye ka ce sai gobe. Jumlar da ta maƙale maka a maƙogwaro, yawanci da Faransanci ka yi tunaninta, ka sake faɗinta yadda za ka gaya wa innarka.

Kada ka yi gaggawar kai su Ragnarok, babban yaƙin ƙarshe. Littafin farko tafiya ɗaya ta ishe shi. Amma ka san inda hanyar ta nufa, ka bar inuwarsa ta riƙa giftawa. A labarin, bayan wuta ta cinye komai, ƙasa ta sake tasowa daga teku kore shar, gonaki suka yi yabanya ba wanda ya shuka. Mutum biyu, Lif da Liftirasir, suka fito daga dajin da suka ɓoye, inda raɓar safiya ce abincinsu. Waɗanda suka tsira daga cikin Asawa suka tsinci ƴaƴan wani wasa mai kama da dara, na zinariya, a cikin ciyawa, waɗanda iyayensu suka yi wasa da su.

Ɗalibata ta ce ita a can take so ta ƙare littafi na uku, Roskwa ta tsufa, ita ce za ta tsinci ɗan darar farko. Yanzu dai tana babi na tara na littafin farko. Sun fito daga ganuwar ƙattai, Tiyalfi bai yi wa kowa magana ba tun da ya faɗi tsere, Roskwa kuma ta ɓoye guntun ƙashin cinyar nan a bakin zanenta tun daren farko, tana neman wanda zai iya ɗora shi. Laraba mai zuwa za ta karanta mana babi na goma.